Shekarun Yaƙin Hitila a Ƙasar Magarya da Dungas: Rufe Iyaka, Ɗiban Hatsi da Rumbun Tsimi



Masu martaba sarakunanmu, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Shugabannin hukuma, iyayenmu maza da mata, matasa da 'yan makaranta, ina gaishe ku gaisuwar girmamawa. Ina gode wa waɗanda suka shirya wannan zama, suka kuma ga ya dace in tsaya gaban manya in yi magana.

An nemi in yi magana a kan yaƙi da yunwa. Na zaɓi in tsaya a kan shekarun 1939 zuwa 1945, lokacin da tsofaffinmu ke kira zamanin yaƙin Hitila, in kuma tsaya a kan wannan ƙasa tamu, daga Sassumburum da Yekuwa da Kwaya, a bi ta Magarya da Bande da Waca, har Dungas da Guci da Malawa da Dogo-Dogo. A duk tsawon yaƙin nan ba a harba igwa ko ɗaya a Magarya ba, jirgi bai jefa bam a Dungas ba. Duk da haka yaƙin ya ci hatsin mutanen nan, ya tuɓe musu riga, ya kori wasunsu daga gidajen iyayensu. Yadda hakan ta faru shi ne abin da nake so mu duba tare, domin hanyoyin da wahalar ta bi ta shigo suna nan a buɗe har yau.

Sai mu fara da inda ƙasar nan ta fuskanta. Magarya kudu take kallo. Sarautarta daga gidan Daura ta fito, aure da kasuwa da karatun allo duk sun haɗa mu da Zango da Baure da Babura da Kazaure da Gumel tun kafin wani Bature ya san hanyar nan. Tsakanin 1906 da 1908 jami'an Faransa da na Ingila, Tilho da O'Shee, suka bi daji suna kafa alamun iyaka, ƙasa ɗaya ta zama biyu a takarda. Amma tattalin arziki bai bi takarda ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya fara ɗaukar kaya sosai a 1912, ya kai Nguru a 1930. Da noman gyaɗa ya kankama a nan cikin shekarun 1930, ta Kano ake fitar da ita zuwa Ikko, ta nan kuma atamfa da akoko da sukari da kananzir da ashana da goro ke shigowa. Daga Magarya zuwa Kano bai kai kilomita 200 ba. Daga Damagaram zuwa Yamai, wadda aka mayar babban birni a 1926, kusan kilomita 900 ne. Dakar kuwa, inda babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa yake zaune yana yanke hukunci a kanmu, ba a ma maganarta. Wato ikon yana yamma mai nisa, abinci da sutura suna kudu kusa. Muddin Faransa da Ingila suna shiri, wannan bai dami kowa ba.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Aka sa hannu kan takardar tsagaita wuta ranar 22 ga wata, Marshal Pétain ya kafa gwamnati a garin Vichy mai biyayya ga Jamus, Janar Digol ya tsere Landan ya ce shi bai yarda ba. Ƙasashen da Faransa ke mulka sai kowace ta zaɓi wanda za ta bi. Cadi, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Digol ranar 26 ga Agusta. Babban gwamna Pierre Boisson na Dakar ya tsaya tare da Vichy, kuma da Ingilishi da mutanen Digol suka kawo wa Dakar hari ta ruwa a watan Satumba, ya mayar da su. Daga nan Nijar ta wayi gari da abokan gaba a kudu da gabas. Aka ba wani soja, Janar Falvy, riƙon ƙasar, aka ƙara sojoji a Damagaram, domin ita ce ke fuskantar Kano da Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. A can Kano kuwa jiragen yaƙin Ingila da ake haɗawa a Takoradi suna sauka suna shan mai kan hanyarsu ta zuwa Masar. Aka hana ciniki tsakanin ɓangarorin biyu. Manomin Yekuwa da ɗan'uwansa na Yardaji a tsallaken iyaka suka zama talakawan ƙasashe biyu masu gaba.

Wannan hali ya ɗauki fiye da shekara biyu, har sai da sojojin Amurka da Ingila suka sauka a Maroko da Aljeriya ranar 8 ga Nuwamba 1942, Boisson ya juya ya bi su kafin watan ya ƙare. Kada a ɗauka sauƙi ya zo nan take. Sabbin masu iko sun zo da tasu buƙata, a ƙara gyaɗa, a ƙara dabbobi, a ƙara sojoji, domin yanzu kuma za a 'yanto Faransa.

Abin da aka fara rasawa shi ne kayan kanti. Jiragen ruwa ba sa zuwa, masaƙun Turai sun koma yin kakin soja. Sukari da sabulu da kananzir suka yi wuya, mutane suka koma ga fitilar man gyaɗa da ƙyastu da sabulun salo. Waɗannan ana iya haƙuri da su. Wanda ya fi ciwo shi ne ƙyalle. Ku tuna abin da ƙyalle yake a wurin Bahaushe. Da shi ake goya jariri, da shi ake kai lefe, da shi mace ke fita unguwa, da shi ake suturta mamaci. Gidan da ya rasa ƙyalle ya rasa hanyar shiga mutane. Mata suka koma ga mazari da abawa, masaƙa suka sake kafa zare, marina suka samu aiki, kuma Allah ya taimaki ƙasar nan da cewa sana'o'in ba su riga sun mutu ba. Ina so matasa su riƙe wannan. A 1941 akwai tsohuwar da ta iya kaɗi a kusan kowane gida. Yau in aka rufe hanyar atamfa, mutum nawa ne a cikin wannan zauren zai iya fitar da zare daga auduga?

Rashin man fetur ya fi rashin ƙyalle ɓarna, ko da yake talaka ba shi da mota. Motocin gwamnati kaɗan ne, wasu aka juya su suna tafiya da gawayi, sauran suka tsaya. Kayan da mota za ta ɗauka sai ya koma kan raƙumi da jaki da takarkari da kan ɗan Adam. Kumandan, wato Baturen da ke mulkin yanki, zai aika wa sarki, sarki ya aika wa mai gari, mai gari ya shiga gida-gida: a kawo mutum kaza, jaki kaza, hatsi kaza, rana kaza. Dokar da ake kira indigénat ta ba kumandan ikon ɗaure mutum ko cin sa tara ba tare da alƙali ba. Saboda haka babu wanda zai ce gonata tana jiran noman farko. A ƙasar da damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, ɗauke majiyin ƙarfi daga gona na kwana ashirin a lokacin noma daidai yake da ɗebe dammuna masu yawa daga rumbunsa tun hatsin bai fitar da kai ba. Wannan yunwa ba ta bayyana a ranar da aka tafi da mutum. Sai bazara ta gaba take fitowa, lokacin da kowa zai ce ai ruwa ne bai yi ba.

Sannan ga sojojin da aka tara, su da dawakinsu da raƙumansu da ma'aikatan bariki, dole su ci. Abincinsu daga rumbun manomi yake fitowa, a farashin da hukuma ta yanka, wanda bai kai na kasuwa ba. Ga lanho, wato haraji, wanda ba ya jiran damina ta yi kyau, kuma da kuɗin Faransa ake biyan sa, alhali hanyar da mutane suka saba samun kuɗi, wato sayar da gyaɗa da dabba da zuwa ci-rani kudu, ita ce aka toshe. Mai gida da ba shi da kuɗin lanho ba shi da abin sayarwa sai hatsi, kuma da kaka zai sayar, lokacin da hatsi ya fi araha.

Kakanninmu sun riga sun ɗanɗani irin wannan a yaƙin duniya na farko. Farin 1913 ya haifi yunwar da ake kira Kakalaba, wadda ta kashe mutane masu ɗimbin yawa daga Damagaram har Kano a 1914. Mutane ba su gama farfaɗowa ba Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, ya kewaye barikin Agadas a watan Disamba 1916, aka tayar da rundunoni daga Damagaram, Ingilishi suka taimaka daga Kano, aka bi ƙasa ana karɓar raƙuma da hatsi. Wanda ya ga wannan yana yaro, shi ne magidanci a 1940. Ya san abin da ke tafe da zarar ya ji an ce Nasara suna yaƙi.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna a wannan tarihi, wato rumbun tsimi na Nasara. A 1931 fara da fari da tsananin karɓar lanho sun jawo mummunar yunwa a yammacin Nijar, ƙasar Zabarmawa, har abin ya zama abin kunya ga Faransa, aka sauke gwamna Blacher. Maganin da hukuma ta ɗauka shi ne ta tilasta ajiya a ko'ina. Kowane mai gida, bayan girbi, zai kai wani kaso na hatsinsa gwargwadon yawan iyalinsa, a zuba a rumbunan da aka jera wuri ɗaya, ba a buɗewa sai da izinin kumandan. Gefe guda kuma ga ƙungiyoyin tanadi da Faransawa suka kafa, waɗanda ake kira SIP a taƙaice, kowa na biyan kuɗinsu tare da lanho ko yana so ko ba ya so, su ba da rancen irin gyaɗa a biya da ƙari.

In aka kalli abin a takarda, babu laifi. Wa zai ƙi tanadi? Mu da muka tashi da ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, da shawarar da ya ba Sarkin Masar ta a bar hatsi cikin zangarniyarsa, ba ma buƙatar Bature ya koya mana amfanin ajiya. Manomin ƙasar nan ya san rumbu tun fil azal. Babban gida yakan rufe rumbun gandu bayan kaka, samari su tafi ci-rani, mata su ci da gidan daga gayaunarsu da sana'arsu, ba a taɓa babban rumbu sai ruwa ya sauka za a shiga noma. Mai hali yakan ajiye hatsin shekara biyu ko uku, kuma ana auna girman mutum da tsufan hatsin da ke rumbunsa. Tsari ne cikakke, yana da mai mabuɗi, yana da lokacin buɗewa, kowa a gidan ya san dalili.

To me ya sa mutane suka tsani rumbun Nasara har ya zama cikin manyan koke-koken da jam'iyyar PPN-RDA ta ɗauka bayan kafa ta a 1946? Saboda hatsin naka ne, ikon buɗewa na wani ne. Yaronka yana kuka, hatsinka yana bayan gari, wanda zai ba da izini yana bariki, tafiyar yini ko biyu, kuma shi ba ya jin kukan. Abin da aka karɓa a shekarar da gona ba ta yi ba, daga bakin yara aka cire shi. Wanda ya daɗe a ajiye babu mai kula, gara da ƙwari su ci rabonsu. A lokacin yaƙi kuwa, rumbunan da aka jera a fili, aka ƙidaya, aka rubuta, sun zama abin da ya fi sauƙin kaiwa ga duk mai neman abincin soja. Manomi ya fahimci cewa duk abin da hukuma ta gani ya fita daga hannunsa. Sai ya koyi ɓoyewa, ya koyi rage yawan iyalinsa in an zo ƙidaya, ya koyi cewa babu ko da akwai. A ganina wannan ita ce babbar ɓarnar da shekarun nan suka bar mana, ta fi ta hatsin da aka kwashe, domin hatsi ya sake tsirowa, amma yardar da ke tsakanin manomi da hukuma har yau ba ta gama warkewa ba. Duk ma'aikacin gona ko na ƙidaya da ya taɓa tambayar magidanci damin hatsi nawa ya samu bana, ya san irin amsar da ake ba shi.

Mutane da yawa sun tsallaka kudu, wasu gida guda, wasu unguwa guda, suna gudun aikin tilas da ɗiban soja. Garuruwa da dama a ƙasar Daura da Kazaure da Gumel suna da zuriyar waɗanda suka zo daga Faransi, kamar yadda ake cewa. Amma wanda ya isa can a 1942 ya tarar da wata wahalar. A farkon shekarar Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ke samun mafi yawan kuzarta, sai aka juyo kan kuzar Jos. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza ala tilas, abin da mutane suka sa wa suna ɗiban gwamna. Sanyin dutse da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. Don a ciyar da su da sojoji aka bi masarautu ana karɓar dawa da gero, damina kuma ba ta yi kyau ba, sai ga yunwar da mutanen Katsina da maƙwabtansu ke kira 'Yar Gusau. Gishiri ma ya yi wuya a Najeriya har hukuma ta shiga rabon sa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Abin da ya riƙe mutane a ɓangarorin biyu, in za mu faɗi gaskiya, shi ne fasa-ƙwauri. Mu muna da dabbobi da kanwa da gishirin Bilma da mangul na ƙasar Manga. Su suna da ƙyalle da goro da sulalla. Da dare jakuna na bin hanyoyin da gardi bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai, domin shi ma matarsa tana buƙatar zane. Ba ina wanke sumoga ba ne. Hanyar da ke kawo hatsi ran da babu, ita ce ke kwashe shi ran da farashin can ya fi na nan, kuma mun ga haka da idonmu. Abin da nake cewa shi ne, dokar da ta ce ɗan'uwa kada ya sayar wa ɗan'uwansa abinci saboda rigimar da ake yi a Turai, ba dokar da mutane za su bi ba ce, kuma ba su bi ba. Wani mai bincike, John Collins, ya yi nazari a nan Magarya a kan cinikin gyaɗa daga shekarun 1930 zuwa na 1970, ya nuna yadda gyaɗa ke bin farashi ta tsallaka iyaka, wata shekara kudu, wata shekara arewa, komai tsaron duwan.

Bari in ɗauke ku zuwa wani wuri mai nisa don mu auna. Baharain tsibiri ne na Larabawa a tekun Fasha, ƙarƙashin kariyar Ingila a lokacin. Ƙasar ba ta noma abin da zai ciyar da ita. Shinkafarsu daga Indiya da Bama take zuwa cikin jirgin ruwa, Bamar nan da sojojin Hausawa na Najeriya suka je yaƙi daga 1943. Jiragen saman Italiya sun kai wa matatar man tsibirin hari a watan Oktoba 1940. Da Japan ta ci Bama a 1942, shinkafa ta yanke, mutanen da suka saba da ita suka koma ga alkama da sha'ir da dabino. Sun sha wuya ƙwarai, an yi ɓoyon kaya, an yi fasa-ƙwauri, talakawa sun rame. Amma hukumar can, ƙarƙashin Shaihu Hamad, sannan ɗansa Shaihu Salman daga 1942, ta karɓi sayo abinci da raba shi a hannunta, ta yanka farashi, ta ba gidaje katin rabo. Ƙidayar jama'a ta farko da aka yi a tsibirin, a 1941, wadda ta sami mutum kusan 90,000, tsara rabon abinci yana cikin dalilanta. Har yau tsofaffi a ƙasashen bakin tekun nan suna kiran lokacin da shekarar kati. A Ingila kanta an fara rabon sukari da man shanu da naman alade da kati a watan Janairu 1940, ba a daina gaba ɗaya ba sai 1954, kuma attajiri da lebura kowa da katinsa.

Mu ma a shekarun nan tsibiri muka zama, tsibiri a tsakiyar tudu, hamada a arewa, iyaka a rufe a kudu da gabas. Bambancin shi ne abin da aka yi da ƙidaya. A can an ƙidaya bakuna don a san abin da za a ba kowa. A nan an ƙidaya kawuna don a san abin da za a karɓa. Katin rabo ya wanzu a Afirka ta Yamma ta Faransa, amma a birane, kuma kason Bature daban, na baƙar fata daban. Manomin Malawa ko na Bande ba ya cikin lissafin masu karɓa, yana cikin na masu bayarwa. Ba mu kaɗai aka yi wa haka ba. A Bengal ta Indiya, a 1943, mutum wajen miliyan 3 suka mutu da yunwa ƙarƙashin tutar Ingilar nan da ta iya ciyar da mutanenta a gida.

Malamai da ke nan sun fi ni sanin Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan hijira, lokacin da fari ya kama Hijaz zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda. Ya aika Masar da Sham aka kawo abinci, ya sa aka kafa tukwane, ya sa ana ƙidaya masu ci, ya jinkirta karɓar zakka a shekarar, shi da kansa ya bar cin nama da man shanu har jikinsa ya sauya. Ku kwatanta da kumandan da ke neman lanho cikakke a shekarar fara. Muna da abin koyi a cikin tarihinmu na Musulunci tun kafin a ƙirƙiro katin rabo.

Yaƙi ya ƙare a 1945. A 1946 aka soke indigénat, dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu ta haramta aikin tilas. Gyaɗa ta dawo da ƙarfinta, Magarya ta zama cikin manyan wuraren cinikinta a Nijar, aka kafa kamfanin cinikin gyaɗa na SONARA a 1962, har aka gina masana'antar matsar mai a garin nan, kafin farin 1973 da cutar gyaɗa ta 1975 su karya noman. A 1970 gwamnati ta kafa OPVN don ta sayi cimaka ta ajiye ta sayar da rahusa lokacin tsanani. Wannan ci gaba ne na gaske, bai kamata a raina shi ba. Amma 2005 ta nuna iyakarsa. Ajiyar ƙasa ta yi kaɗan, wasu maƙwabta sun hana fitar da hatsi daga ƙasashensu, buhun hatsi ya kai jika 25 zuwa 30 a wasu kasuwanni, rabon kyauta bai fara ba sai da damina ta yi nisa, mata suna tafasa anza da jiga da tafasa. Tun daga shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a asibitin Magarya, kuma kowace damina ɗakunan yara na cika da masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro.

Iyaka kuma an sake rufe ta a idonmu. Najeriya ta rufe daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi ranar 30 ga wata, aka yanke wutar lantarki, aka tsayar da motoci, ba a ɗage ba sai 24 ga Fabrairu 2024, iyakar kuma ta buɗe a watan Maris. Ban zo nan don in yi shari'ar siyasa ba. Kowa a zauren nan ya san nawa tiyar hatsi da ta masara da buhun shinkafa suka kai a watannin nan, ya san yadda kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta koma, ya san yadda 'yan kabu-kabu suka maye gurbin jakunan 1941 a hanyoyin daji. Kafin wannan, yaƙin Rasha da Yukiren na 2022 ya riga ya tayar da farashin taki da fulawa. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum 570,000 a gundumar Magarya, fiye da 350,000 a ta Dungas, kuma an ƙaru sosai tun daga lokacin. Gonaki sun tsattsage wajen rabon gado har gidaje da yawa ba sa noma abin da zai kai su wata shida. Kakanninmu sun shiga 1940 da rumbu da daji da saura. Mu za mu shiga tamu da kasuwa kawai, kasuwar da rabinta ke wata ƙasa.

Duk da haka muna da abin da za mu tsaya a kai. Gawon da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka bari ya tsiro a gonakinsu tun daga shekarun 1980 ya kai miliyoyi, masana daga ƙasashen duniya suna zuwa kallo, kuma babu kumandan da ya tilasta shi. Manomi ya raini gawo ne ran da ya tabbata itacen nasa ne. Koramun Bande da Waca da Guci suna ba da rake da rogo da dankali da kayan lambu da rani. Abin da mutanen nan suka yarda nasu ne, suna tsare shi.

Saboda haka roƙona ga magadan gari da sarakuna shi ne, duk bankin cimaka da za a kafa a ƙauye, a bar mabuɗinsa a ƙauyen. A sa mata cikin masu riƙon sa, domin su ne ke fara sanin ranar da tukunya za ta kwana babu wuta. A faɗi abin da aka zuba da abin da aka fitar a bainar jama'a, a ƙofar mai gari ko bayan sallar Juma'a, a kuma tsayar da lokacin buɗewa tun ranar zubawa. Ga ma'aikatan da ke sayar da cimaka mai rahusa, a kai ta kusa da mutane kafin ruwa ya yanke hanya, a auna da tiya, don mai dala ɗari biyu ma ya samu. Ga 'yan kasuwarmu, Allah ya sa albarka a cinikinku, ku ji tsoron Allah a kan ɓoye hatsi lokacin da maƙwabci ke kwana da yunwa. Ga hukumomin ƙasashen biyu, duk saɓanin da zai taso, a bar hanyar abinci da magani a buɗe.

Ku kuma 'yan makaranta, ga aikinku. Wanda yake da shekara 10 a 1942 yanzu ya haura 90, kuma irinsu saura kaɗan a garuruwanmu. Ku je ku durƙusa gabansu da wayoyinku kafin damina mai zuwa. Ku tambaye su sunan da suka sa wa kowace yunwa, inda aka jera rumbunan Nasara a garinku, wa aka ɗauka aikin tilas, wa ya tafi kudu bai dawo ba, me aka ci, me aka ɗaura. Ku rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, ku kai wa malamanku su adana.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.